Muryar Iya Tani a Kufai

Gumba aka aike ni in kai Rogo Ruma. Shi ke nan aiken. Ƙwarya guda, an rufe ta da faifai, an ɗaure mini a bayan babur. Ranar Alhamis ce, ranar sadakar bakwai ɗin kakata, Iya Tani, kuma la'asar ta yi sakaliya.

Kafin in faɗi abin da ya same ni a hanya, gara ku san ko ni wane ne. Sunana Ashiru, amma daga Yammedi har cikin garin Karaye, in ba ka ce Ashiru Rediyo ba, babu mai nuna maka gidanmu. Babu muryar da zan ji sau biyu ban ɗauke ta ba. Ina aji biyu a ƙaramar sakandare na laɓe bayan taga, na yi muryar shugaban makaranta, na sallami ɗalibai tun ƙarfe goma na safe. Har malamai biyu sun hau kekunansu. Washegari ni ma aka sallame ni, sai dai tawa sallamar ba ta da ranar dawowa. Na taɓa sa mahauci ya zagaye kasuwa sau uku yana neman akuyar da ke kuka a bakina. Ba yabon kai ba, a ƙasar nan ban ga na biyuna ba.

Amma duk muryoyin da ke wuyana, ta Iya ce babba.

Ita ta yaye ni, ban kuma koma ɗakin uwata ba. A kan tabarmarta na girma, cikin warin daddawa da hayaƙin kara da man shanu. Mace ce da ba ta iya zama. Sau biyu take share tsakar gida, ko da babu abin sharewa. Kwanukanta a jere suke, kowanne da mazauninsa, in ka matsar da ɗaya ko cikin duhu za ta gane. In ta gama tuwo za ta zubar da ruwan zafi, sai ta tsaya ta yi bisimilla, sannan ta ce wa fili, "A kauce, a kauce, ga zafi nan." Muryar a dushe take, da ɗan fito ta gurbin haƙorin da ya faɗi, kuma kafin ta yi faɗa sai ta yi tsaki ƙasa-ƙasa sau biyu.

"Mijin banza," haka take kirana. "Ko gishiri ba ka taɓa sayo mini ba."

"Amarya, ai ke kika ƙi tarewa."

"In tare a ina? A kan babur?"

Waya kuwa ba ta yarda da ita ba. Na sha ɓoye tawa a aljihu in naɗi muryarta, sai ta yi gum, ta nuna aljihun da muciya. "Kada ka kuskura ka zuba ni a kwalbar nan." Har ta bar duniya babu wanda ya naɗe ta.

Abu ɗaya take yi da ba a tambayarta. Duk Alhamis kafin magariba za ta dama kunun tsamiya a 'yar ƙwarya, ta sa ludayi, ta yafa baƙin mayafinta mai ratsin fari, ta nufi kufai. Tsohon gidanmu ke nan, can cikin gonaki, inda aka kawo ta tana amarya kafin a taso bakin titi. Sau ɗaya na bi ta, ina ɗan shekara goma sha biyar. Na laɓe cikin dawa. Na ji ta yi tsakin nan nata, ta ce, "Makauniya, kina nan ko kin mutu?" Sannan ta zauna ta yi ta hira ita kaɗai. Na ce tsufa ne. Na ɗauke maganar na ƙara a kayan wasana. Ranar da ta ji ni ina yi wa 'yan gida, ba ta yi dariya ba.

"Duk abin da za ka kwaikwaya ka kwaikwaya," ta ce. "Ban da wannan."

Sati uku ta yi a kwance. Ranar Juma'a da hantsi aka rufe mata ido.

Ni ban ji komai ba. Da ni aka ɗauki makara, da ni aka tura ƙasa. Masu gaisuwa suna ya haƙuri, ina cewa da godiya, kamar ana danna ni. Na ci abinci, na yi barci. Jikina kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta, ka mintsina ba ka ji ba. Abu ɗaya na lura: bakina ya ƙi faɗin abin da ya faru. In abokai suka kira suna tambaya, sai in miƙa wa ƙanwata Kausar wayar, ita ta gaya musu.

Ranar bakwai, bayan an shafa fatiha maza sun watse, aka ce jikoki su fito su yi nasu. A wajenmu in tsoho ya cika da kyau, jikoki kan sa kayansa su kwaikwaye shi, su hana mutane sakat, sai 'ya'yan mamaci sun sallame su da ɗan goro. Kowa ya san wa ake jira. Na ɗaura zanen Iya, na yafa mayafin, na ɗauki sandarta, na duƙa. Na fito daga ɗakinta ina tsaki.

"Wace ƙazamar ce ta bar mini tukunya a buɗe?"

Tsakar gida ta kaure. Mata suna dariya suna share hawaye da gefen zane. Kawu Sulle, babban ɗanta, ya juya wa mutane baya ya dafa bango. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da faɗan da ta saba yi wa kowa. Kausar ta riƙo gefen mayafin, idonta jawur.

"Yaya, ka riƙe mana ita da kyau," ta ce a hankali. "A bakinka kaɗai ta rage."

Da na tsaya nan da shi ke nan. Amma ni in aka yi mini dariya ba na sanin wurin tsayawa. Na karkata kai, na leƙa bayan rumbu, na ce, "Makauniya, kina nan ko kin mutu?"

Wasu suka yi dariya. Inna Lami, ƙanwar Iya, ta ajiye carbinta.

"Ashiru, ya isa. Tuɓe kayan nan tun rana ba ta faɗi ba. Kayan wasan jika ba sa kai magariba a jiki."

Na ce to. Na kwance zanen, na jingine sandar. Mayafin kuwa na naɗe shi a wuya, na tura cikin riga. Na gaya wa kaina zan tsorata 'yan acaɓar mararraba da shi. Gaskiyar ita ce warinta yana jikinsa.

Sai aka ce ga gumbar dangin Rogo Ruma, a kai musu kafin dare.

Na bar titi na yanke ta cikin gonaki. Ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsayi, hanyar ta zama kamar lungu. An yi yayyafi da rana, ƙasa na tashin ƙamshi. Ganye yana marina a fuska. Ban gamu da kowa ba sai wani Bafulatani da shanunsa can nesa.

Babur bai mutu ba. Kada wani ya ce muku ya mutu. Ni na kashe shi da hannuna, daidai kufai.

Babu abin da ya rage a wurin sai guntun katanga da ciyawa, da duwatsun murhu guda uku, har yanzu baƙi ƙirin. A bayansu ga gawo, tsirara ba ganye ko ɗaya, yadda yake yi duk damina. A gindinsa akwai wani ɗan suri. Rana ta koma ja. Kwaɗi sun fara, gyare na amsa musu.

Na tsaya. Ban san me na zo yi ba. Na jawo mayafin na rufe kaina. Na duƙa. Tunda nake ban taɓa yin muryar wani ba tare da 'yan kallo ba. Ranar ba don kowa na yi ba, so nake kawai in ji ta.

Na yi tsaki sau biyu.

"Makauniya, kina nan ko kin mutu?"

Kwaɗin suka yi shiru. Gyare ma. Ba a hankali ba, lokaci guda, kamar an rufe ƙofa.

Sai wari. Warin jiƙaƙƙiyar toka, irin in an watsa ruwa a murhu mai wuta.

"Ina nan."

Daga gindin gawon maganar ta fito. Ƙasa-ƙasa, kamar ana jan faifai a kan yashi.

"Ke ce dai na zata kin mutu. Alhamis uku, Tani."

Surin ya motsa. Abin da na ɗauka jar ƙasa ce, baya ne. Ya miƙe kaɗan. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, ba ta wuce tsayin turmi ba, farin gashi ya zubo har ƙasa. Ta juyo.

Babu ido. Inda ya kamata su kasance fata ce sumul, tana sheƙi, irin tabon ƙuna.

Na nemi addu'a, ko ɗaya ba ta zo ba. Ta ɗaga hanci tana shinshinar iska.

"Ga warin mayafinki. Matso mana. Ina kununa?"

Na buɗe baki in yi ihu. Muryata ta ƙi fita. Ta Iya ce ta fito.

"Yau babu kunu. Gumba ce."

"Kawo."

Ban san yadda na kwance ƙwaryar ba. Na ji kaina durƙushe a gaban duwatsun murhu, faifai a ƙasa. Sanyi ke fita daga jikinta, irin na bakin rijiya.

"Shekara sittin," ta ce, "tun ranar da kika watsa mini ruwan tuwo a fuska kina amarya, ba ki san ina zaune a nan ba. Na ce na yafe, kika ce ke ba ki yafe wa kanki ba. Ko da ciki, ko da goyo, ba ki taɓa tsallake mini Alhamis ba." Ta buɗe baki. "Ba ni, kamar kullum."

Na gutsuro gumba. Na kai bakinta. Ta tauna a hankali, ta daɗe tana taunawa.

Ta tsaya.

"Gumba," ta ce. "Gumbar sadaka. Wa ya mutu a gidanki?"

"Wata tsohuwa ce."

"Wace?"

Na kai hannu zan sake gutsuro gumba.

Ban ga lokacin da hannunta ya taso ba. Na dai ji shi a wuyan hannuna. Yatsu dogaye, busassu. Suka bi tafina ɗaya bayan ɗaya, suna lalube.

"Ina kantar taɓarya? Ina ƙunar tukunya?" Ta kai hannun hancinta. "Fetur. Hannun nan bai taɓa tuƙa tuwo ba."

Riƙon ya ƙara tsauri. Na ji ƙashina yana ƙara.

"Wane ne kai, da muryar Tani a wuyanka?"

Rassan gawo suka fara kaɗawa, ƙas, ƙas, ƙas. Babu iska.

"Ina take? Faɗa da taka muryar."

Kwana bakwai bakina yana gudun kalmomin nan. Na lalubo muryata can ƙasa, 'yar siririya, kamar ta yaro.

"Ta rasu."

Na ƙara da cewa:

"Ranar Juma'a. Da hantsi."

Ba ta yi kuka mai sauti ba. Fatar nan mai sheƙi ce ta fara tsattsafo da ruwa. Ya gangaro ta haɓarta, yana tururi. Ɗigo ɗaya ya sauka a bayan hannuna. Na ji cuu. Na biyu. Na uku. Warin fatata ya taso. Tun ranar Juma'a, shi ne abu na farko da na ji.

"Kai ne mijin banza," ta ce.

Na gyaɗa kai, na manta ba ta gani.

"Kullum zancenka. Ta ce ranar da za ta mutu ba za ka yi kuka ba, sai dai ka sa mutane dariya. Ta ce a ƙyale ka, haka Allah ya yi ka."

Ɗayan hannun ya hau ƙirjina. Ya tsaya a maƙogwarona. Yatsun suka zagaye shi, ba su matsa ba.

"Ku kuna da idanu. Kuna da kabarinta, kuna da kwanukanta. Ni murya kaɗai na sani."

Can nesa, ta wajen ƙauye, ladan ya ɗaga kiran magariba.

"Ko ka zauna nan ka dinga yi mini ita, ko ka bar mini ita ka tafi. Kafin wancan ya gama."

Na duba bayanta. Tsakanin saiwoyin gawon akwai rami, baƙi, daidai shigar mutum. Ɗazu babu shi.

Na tuna Kausar riƙe da gefen mayafi. Na tuna Kawu Sulle dafe da bango.

Ladan ya kai tsakiya.

"Bari in yi sau ɗaya," na ce. "Na ƙarshe."

Yatsun suka ɗan sassauta.

Na rufe ido. Na yi tsaki sau biyu. Na faɗi abin da take tarbata da shi duk dare in na dawo, ko na yi laifi ko ban yi ba.

"Mijin banza, ka ci abinci?"

Sannan na ce, da tawa, "Ɗauki."

Kamar an zare zare mai zafi daga cikina. Ya taso ta ƙirji, ya bi maƙogwaro, ya fita. Na yi tari. Hannayen suka sake ni.

Na miƙe, mayafin ya zame ya rage a hannunta. Ban waiwaya ba. Na faɗa kan babur. Na buga, ya ƙi. Na sake. A bayana ana jan wani abu a ƙasa, suu, suu.

A na uku ya tashi.

Kafin ƙarar inji ta rufe komai, na ji an yi tsaki sau biyu a gindin gawo.

Gumba ba ta je Rogo Ruma ba. Kwana uku na yi da zazzaɓi. Kawu Sulle ya ɗauko malam ya yi mini tofi, na sha rubutu. Inna Lami ta kama hannuna ta dubi ƙuna uku a jere, ta dubi wuyana babu mayafi. Man shanu ta ɗebo ta shafa mini.

Da na warke na gwada kayana. Shugaban makaranta yana nan. Mahauci da akuyarsa suna nan. Na zo kan Iya, na buɗe baki, iska kawai. Ba a wuya kaɗai ba, ko a cikin kaina babu. Ina tuna abin da take faɗa, kalma bayan kalma, kamar rubutu a allo. Amma yadda take faɗa ya tafi.

Ranar arba'in, bayan an watse, Kausar ta same ni a zaure.

"Yaya, yi mini Iya. Kaɗan kawai. Na fara mantawa."

Na duƙa kamar yadda na saba. Na karkata kai. Ta zuba mini ido tana jira, har ta fara murmushi. Ni Ashiru Rediyo, da ban taɓa rasa abin cewa ba, na tsaya baki buɗe. Sai na ji wani sauti yana fita, mummuna, ban taɓa jinsa a bakin kowa ba balle in kwaikwaya. Nawa ne. A nan na durƙushe na yi kukan Iya, har sai da maƙwabta suka leƙo.

Na daina sa kayan mamaci. In jikokin wani gida suka zo neman in taya su, sai in ce maƙogwarona na ciwo.

Bayan girbi masu gonakin wajen suka fara cewa ranar Alhamis da yamma suna jin tsofaffi biyu suna hira a kufai, in an leƙa babu kowa. Yanzu tun la'asar suke tashi daga aiki.

Ni kuwa lokacin nake zuwa. Ba na shiga, ba na sallama. A bakin hanya nake kashe babur in zauna a kai. Na san ba Iya ba ce. Iya tana inda take, Allah ya ji ƙanta. Makauniyar ce take yi wa kanta hira, ta tambaya da tata, ta amsa da wadda na bar mata. Wani lokaci faɗan tukunya ne. Wani lokaci a kauce, a kauce, ga zafi nan.

Alhamis ɗin da ta wuce hirar ta tsaya a tsakiya. Na ji ana shinshinar iska. Sai tsaki sau biyu, da ɗan fiton nan ta gurbin haƙori.

"Mijin banza, ka ci abinci?"

Na san bai kamata a amsa ba.

Na ce, "Na ci, Iya."